Lasin Tuƙi: Tsakanin Filin Gwaji Da Aljihun Dillali

Wani yammaci ina zaune a ƙofar gida a Unguwar Rogo bayan sallar La'asar, ina jiran rana ta sassauta, sai ga ɗan ƙanwata ya ajiye mashin ɗinsa a gindin darbejiya, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Tun daga yadda yake murza hula na gane da magana a bakinsa. Ashe wani ɗan kasuwa ne ya yi masa alkawarin aikin direban gida, ya riƙa kai yara makaranta da safe, ya ɗauko su da rana, ya kai matan gidan asibiti ko unguwa. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa, shi ne ya kawo lasin tuƙi.

Ya ce, "Kawu, akwai wani mutum da ya ce in kawo hoto da kuɗi, sati biyu lasin ya fito. Ba sai na tahi ko'ina ba."

Na ce, "To, gwajin fa?"

Ya yi 'yar dariya, irin wadda yaro ke yi wa tsohon da zamani ya bari a baya. Ya ce, "Wane gwaji, Kawu? Wa ka yin gwaji yanzu?"

Ban yi masa faɗa ba, domin ba ni da bakin yi. Lasina na farko ta wannan hanya na same shi, shekaru masu yawa da suka wuce. Wani mutum da ke yawo da jaka a hamata ya karɓi hotona da kuɗina, bayan 'yan kwanaki ya kawo mini kati mai ƙyalli, na sa a aljihu ina ji da kaina. Koyon da na yi bai wuce na mako guda ba, a wani filin ƙwallo, wani abokina yana gefe yana cewa taka kuloci, saki a hankali. A wata na biyu na shiga wani shataletale ban dubi hagu ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mini cewa wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, na kwashe wani ɗan kabu-kabu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta karye wuri biyu. Na yi watanni ina zirga-zirga tsakanin asibiti da gidansu, har yau kuma in na hango shi yana ɗingishi a kasuwa sai in ji kamar in sauya hanya. Da lokacin sabunta lasin ya yi, aka buga lambar a kwamfuta, sai aka ce mini babu ita sam a rajista. Ashe duk tsawon shekarun nan takardar banza nake ɗauke da ita.

Wannan labari na ba yaron, sannan na ce ni zan biya kuɗin makarantar koyon tuƙi, amma da sharaɗin zai bi hanyar tun daga farkonta har ƙarshe, ni kuma zan bi shi in ga yadda take. Abin da na gani da abin da na karanta shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu, domin na lura da yawa daga masu zuwa wurin dillali ba mugunta ke kai su ba. Rashin sanin hanya ne, da tsoron ofis, da kuma jin da suka yi cewa abin wahala ne da ba ya ƙarewa.

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasin tuƙi a Nijeriya, rashin bambance su kuwa shi ne ramin farko da mutane ke faɗawa. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, Farfesa Wole Soyinka kuma ya zama shugabanta na farko. Ita ke riƙe da rajistar direbobi ta ƙasa baki ɗaya, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ita ke buga katin, ita kuma ke tantance makarantun koyon tuƙi. Akwai jami'an duba lafiyar ababen hawa na jiha, waɗanda kowa ya sani da VIO, masu farin kaya da baƙi. Su doka ta ɗora wa alhakin gwada mutum, su tabbatar ya iya tuƙi ko bai iya ba. Sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wadda lasin ke fita da sunan jiharta, kuɗin kuma ke bi ta hannunta. Wanda ya fahimci wannan rabon aiki ya san cewa duk wanda ya ce masa shi kaɗai zai gama komai alhali mai nema yana kwance a ɗaki, to ɗayan biyu ne: ko katin jabu zai kawo, ko kuwa zai sa a tsallake gwajin da aka kafa tsarin dominsa.

Matakin farko makaranta ce, kuma ba kowace mota mai allon talla a kai ba ce makaranta. Dole ta kasance cikin waɗanda FRSC ta amince da su a ƙarƙashin shirinta na daidaita makarantun tuƙi, wanda ake taƙaita sunansa da DSSP. Sunayensu suna shafin hukumar na intanet jiha-jiha, kuma mutum na da haƙƙin ya ce a nuna masa takardar amincewa kafin ya biya ko sisi. Ɗalibi zai yi darasi 26, ana shigar da kowanne a kwamfuta rana-rana, ta yadda shaidar kammalawa ba za ta fito ba sai kwanakin sun cika. Wannan shaida tana da lamba, da ita kuma ake buɗe neman sabon lasin a intanet. Mai nema ya kai shekara 18, ya kuma mallaki lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN. A nan sai a yi hattara, domin in suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakanin NIN da takardar makaranta, ko da harafi ɗaya ne, aikin na iya tsayawa cak. Mu da muke rubuta Muhammad ta hanya huɗu, Abubakar kuma wani lokaci ya koma Bubakar ko Garba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗan ƙanwata ya yi asarar kwana goma a kan wannan kaɗai.

Na san abin da wani zai ce: ai akwai makarantun da za ka biya, su riƙa danna maka darasi a kwamfuta kana gida, ranar 26 ka je ka karɓi shaida. Gaskiya ne, ita kanta FRSC ta sha dakatar da makarantu a sassan ƙasar nan saboda irin wannan maguɗi. Sai dai wanda ya biya kuɗin darasi ya ƙi zuwa, kansa ya cuta kafin ya cuci kowa. Tamkar mara lafiya ne ya sayi magani, ya roƙi mai kyamis ya shanye masa.

Kafin in wuce, ya kamata in yi wa tsohuwar hanyarmu adalci, domin akwai masu ganin kafin zuwan waɗannan makarantu ba mu da tsari. Muna da shi, kuma mai tsanani ne. Direbobin da suka yi suna a hanyar Sakkwato zuwa Gusau da Funtuwa, ko ta Birnin Kebbi, ko ta Illela zuwa Ƙonni, galibinsu daga yaron mota suka fara. Yaro zai shekara yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana sa weji a taya in an tsaya a gangara, yana kwance taya yana ɗaurawa, bai taɓa sitiyari ba. Sai ya san kukan inji mai lafiya da na mara lafiya, ya san warin birki in ya yi zafi, sannan wata rana ubangidansa ya jefa masa makulli ya ce matsar da ita gaba kaɗan. Daga matsarwa sai juyawa a cikin tasha, daga nan sai a ba shi a miƙaƙƙiyar hanya da tsakar rana, maigida na gefe ido buɗe, wani lokaci har da ranƙwashi. Kafin a sallame shi an yi shekara uku ko biyar. Wannan ma gwaji ne, mai gwajin kuma yana da abin da zai yi asara, domin motarsa ce da sunansa. Naƙasun hanyar shi ne ba ta koyar da dokar hanya da alamominta, sai abin da maigida ya sani, kurakuransa ma a gada tare da ƙwarewarsa. Abin takaici a yau shi ne mun saki wancan horo mai tsawo, ba mu kuma kama na zamani ba. Yaro ya yi kwana biyar yana zagaya filin Idi da motar yayansa, ranar ta shida yana kan titin Ahmadu Bello.

To, me ake shiryawa? Gwajin kashi biyu ne, na sani da na aiki, ga kuma duba lafiyar ido. Na sani ya ƙunshi alamomin hanya da dokokinta, waɗanda ke cikin littafin ƙa'idojin hanya da FRSC ta wallafa. A wasu wurare irin su Legas a kwamfuta ake amsa tambayoyin, a wasu kuwa jami'i ne zai nuna alama a allo ya ce mece ce wannan. Ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya zauna ya duba. Alama mai kusurwa uku gargaɗi take yi, cewa ga kwana, ga makaranta, ga dabbobi na tsallakawa. Mai da'ira da jan baki hani ce. Mai da'ira shuɗiya umarni ce. Mai kusurwa takwas ja, ita kaɗai ce mai wannan siffa, ma'anarta tsaya cak, ba rage gudu ba. Farin layi miƙaƙƙe a tsakiyar titi yana hana wuce mota, mai tsinke-tsinke yana halattawa in gaba babu kowa. Iyakar gudu ga ƙaramar mota kilomita 50 ne a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Na gwada waɗannan tambayoyi a majalisarmu, inda akwai masu mota biyar, cikinsu har da wanda ya shekara ashirin yana tuƙi. Mutum ɗaya ne ya san iyakar gudun cikin gari, shi ma da ƙyar.

Wannan 50 ba don ado aka sa ta ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Wato daga lokacin da idon direba ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta isa birki, in daƙiƙa ɗaya ce, motar ta riga ta shafe tsawon motoci uku ba a ma fara tsayawa ba. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake yi sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa, in mota ta buge shi, yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Mai karatu ya auna wannan da lungunan Unguwar Rogo ko Mabera da ƙarfe biyu na rana, lokacin da 'yan makarantar boko ke dawowa, 'yan Islamiyya ke fita, ga almajirai, ga awaki, ga mai kurar ruwa ya tare rabin hanya.

Kashi na aiki shi ne inda ake zufa. Mai gwaji yana kallon mutum tun kafin ya tayar da mota: ya gyara kujera, ya daidaita madubai uku, ya ɗaura bel, ya tabbatar giya tana firi, birkin hannu yana sama. Sannan tashi ba tare da mota ta yi tsalle ko ta mutu ba, sauya giya ba tare da kallon hannu ba, ba da sigina kafin kwana da kashe ta bayan kwana, juya mota a ƙuntataccen wuri, shiga da baya tsakanin alamomin da aka jera ba tare da an ture ko ɗaya ba, fakin a gefen titi, da tashi a hawa ba tare da mota ta zame baya ba. Wannan na ƙarshe shi ke ba 'yan Sakkwato wuya, domin yawancin unguwanninmu shimfiɗaɗɗu ne, mutum na iya gama koyo bai taɓa tsayawa a tudu ba. Ranar da cunkoso ya tsayar da shi a kan gadar sama ta Rijiyar Ɗorowa, da mota a bayansa tazarar taku biyu, ranar zai gane abin da bai koya ba. Dabararta kuwa ba ta da yawa: birkin hannu a sama, a sa giya ta ɗaya, a ɗan taka totur, a saki kuloci a hankali har a ji gaban motar ya ɗan ɗaga, kukan inji ya sauya, sannan a sauke birkin. Sai dai ƙafa ba ta koyon wannan daga jarida, sai an maimaita sau hamsin.

Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da mota mai giyar hannu, ko da otomatik zai riƙa hawa daga baya. Wanda ya iya ta farko zai hau ta biyu cikin yini guda, amma wanda otomatik kaɗai ya sani, in aka ba shi motar aiki mai kuloci, ya zama baƙo. Ya kuma nemi malaminsa ya fitar da shi daga fili. Fili ba ya koyar da kabu-kabu da ke ɓullowa ta dama alhali ka ba da siginar shiga dama, ba ya koyar da Keke Napep da ke tsayawa a tsakiyar titi don an ɗaga masa hannu, ba ya koyar da yadda ake bin bayan tirelar siminti da ta fito daga Kalambaina, wadda direbanta ba ya ganin ƙaramar mota in ta manne masa. Doka ta yarda mai koyo ya hau titi in yana da takardar izinin koyo, da jan harafin L a gaba da bayan mota, da direba mai lasin a gefensa. A yi amfani da wannan dama, a fara da safiyar Lahadi lokacin da hanya ke sake, a matsa zuwa marece, a gwada dare, a gwada ranar hazo in lokacin hunturu ne, sa'ad da mutum ba ya hango abin da ya wuce 'yan mitoci. Mai gwaji ba lallai ya tambayi duk wannan ba, amma titi zai tambaya.

Akwai kuma abin da tsofaffin direbobi ke yi kowace safiya wanda ya kamata ya zama ɗabi'a tun daga makaranta: duba ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, fitilu da iskar taya. Taya musamman, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kwalta na tururi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. FRSC na gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu. Da yawa daga tayoyin gwanjo da muke saye don araha sun ci wa'adinsu tun kafin su sauka daga jirgin ruwa.

Batun sa ranar gwaji kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Bisa tsari, makarantar ce ke gabatar da ɗalibinta ga VIO bayan ya kammala, su sa masa rana, in ya ci su ba da shaidar cewa ya ƙware. Ana cike takardar nema a shafin lasin tuƙi na ƙasa a intanet, a zaɓi rukunin lasin, a zaɓi cibiyar da za a je ɗaukar hoto, a biya kuɗi ta banki ko ta shafin, a buga takardar da rasidin. Rukunin yana da muhimmanci: A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, akwai na motocin haya, G na tirela, F na tarakta da injinan gona, J kuma na masu buƙata ta musamman. Mai lasin B da ya hau tirela, a idon doka daidai yake da mara lasin. Kuɗin da Hukumar Haɗin Gwiwa Kan Haraji ta tsayar a 2025 shi ne Naira 15,000 na lasin mota mai shekara uku, Naira 21,000 na mai shekara biyar, na babur da Keke kuma Naira 7,000 da Naira 11,000. Wannan ban da kuɗin makaranta, wanda ya danganta da inda aka je, da 'yan kuɗaɗen da jiha ke karɓa na izinin koyo da gwaji. Duk abin da aka biya a nemi rasidi. Daga nan jami'in haraji da na VIO su sa hannu, mai nema ya zauna gaban na'ura da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, tsarin da aka shigo da shi tun 2011, a ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin dindindin ya fito. Duk lasin da aka ce an yi wa mutum a karon farko bai je ya ɗora yatsunsa a na'ura ba, ya tabbata jabu ne, kuma yana iya buga lambar a shafin hukumar ya gani da idonsa.

Ba zan ɓoye ba, tsarin na da laifinsa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Katin da aka ce kwana 60 yakan ɗauki watanni, hukumar da kanta ta amsa cewa katuna sun taru ba a buga ba. Intanet kan ɗauke a bar mutane zaune. Mutumin Isa ko Sabon Birni ko Tangaza, ga halin da hanyoyi ke ciki na rashin tsaro, sai ya yi tunani biyu kafin ya yi ta zarya zuwa birni saboda takarda. Makarantun da aka amince da su sun taru a manyan garuruwa. Littafin ƙa'idojin hanya da tambayoyin gwaji sun fi samuwa da Turanci, alhali mafi yawan masu riƙe da sitiyari a jihar nan da Hausa suke tunani, da yawansu kuma ajami ya fi musu boko sauƙi. Ina ganin babu abin da zai hana gwamnatin jiha ta buga alamomin hanya da bayaninsu da Hausa, boko da ajami, ta raba a tashoshi ta hannun ƙungiyar direbobi, ta kuma sa ranakun gwaji a hedikwatocin ƙananan hukumomi ko da sau ɗaya a wata. Haka nan mata: yawansu a kan sitiyari yana ƙaruwa a Sakkwato, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, amma mata masu koyarwa sun yi ƙaranci. Maigidan da ba ya son matarsa ta zauna a mota da namiji baƙo sai ya koya mata da kansa a fili, da faɗa da tsawa, ya je ya sayo mata lasin. Duk wata wahala da aka bari a hanyar gaskiya, ciniki ce aka buɗe wa dillali.

Amma wahalar layi ba ta zama hujjar tsallake gwaji. A Ingila, inda gwajin tuƙi ya zama tilas tun 1935, mutum kan jira watanni kafin ya samu rana, ya shafe kusan minti 40 a kan titi da mai gwaji a gefensa, kafin ya shiga mota ma sai ya karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Kuskure babba ɗaya ya isa ya kayar da shi, kuma kusan rabin masu zuwa faɗuwa suke yi. Ba a ɗaukar faɗuwar abin kunya, a koma a ƙara koyo a dawo. Ba ma sai mun je Turai ba. 'Yan'uwanmu na Ƙonni da Maraɗi, waɗanda ke kiran lasin farmi, sun san sai an ci jarrabawar dokar hanya kafin a kai ga ta tuƙi.

Alƙaluman da ke bayan wannan magana ba masu daɗin ji ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, shi ne kuma babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyar Afirka ce kuma ta fi kowace yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci. A nan gida FRSC ta ƙidaya mutum 5,421 da suka rasu a hanyoyin Nijeriya a 2024, waɗannan kuwa su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Wanda aka buge a ƙauye aka binne kafin Magariba ba ya shiga lissafi. Mukan ce ƙaddara ce, haka ne, amma malamanmu ba su taɓa cewa ƙaddara ta ɗauke alhaki ba. Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ina kuma tambayar kaina, wanda ya san bai iya ba, ya sayi takardar da ke cewa ya iya, ya ɗauki 'ya'yan mutane, shin kuskurensa ranar haɗari ya fara, ko tun ranar da ya miƙa wa dillali hoto?

Ranar gwajin ɗan ƙanwata na raka shi. Mun isa tun da sanyin safiya da takardunsa a cikin leda, ya karya da koko da ƙosai don kada hannu ya yi rawa. Tambayoyin alamomi bai faɗi ko ɗaya ba, har ya waigo ya dube ni. Tashi lafiya, kwana lafiya, sigina a kan lokaci. Da aka zo shiga da baya, sai ya manta da madubi, ya leƙa kai ta taga kamar yadda ya saba gani a tasha, bayan motar ya karkata ya ture alamar da ke ɗaya gefen, a ruɗe kuma ya saki kuloci mota ta mutu. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce, "Samari, da wannan yaro ne a bayanka fa? Je ka ƙara koyon ribas, ka dawo."

A hanyar komawa bai ce mini uffan ba har muka wuce Gidan Man Ada. Can ya ce, "Kawu, da na bi ta wurin mutumin nan da yanzu na fara aiki."

Na ce, "Haka ne."

Da daddare na je wurin ɗan kasuwar na gaya masa abin da ya faru, ban rage komai ba. Ya yi shiru, ya dubi yaransa uku da ke wasa a tsakar gida, ya ce zai jira. Tun daga ranar, kullum bayan sallar Asuba muna fita da tsohuwar motata da jarkoki huɗu da babu kowa ciki, in jera su a fili, shi kuma ya yi ta shiga da baya yana kallon madubi. Jiya ya shiga sau goma sha biyu, ya ture jarka sau ɗaya. An sa masa ranar Talata mai zuwa.